Buhu biyu a rabin kuɗi: tarihin takardar taki a kwarin Rima

A daminar 2012 wani sabon abu ya shigo ƙauyukan da ke jere a bakin fadama tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Manomin da aka rubuta sunansa a rajistar gwamnati sai ya ga saƙo ya faɗo cikin wayarsa, ɗauke da wata lamba, ana umartarsa ya je cibiya kaza ya karɓi takin zamani buhu biyu, kamfa ɗaya da yuriya ɗaya, a kan rabin kuɗinsu, a kuma haɗa masa da iri. Gwamnatin Tarayya ta ɗauki kashi 25 cikin ɗari na farashin, jiha ta ɗauki wani kashi 25, sauran rabin ya rage a wuyan manomi. A lokacin buhun taki yana kusan naira 5,500, don haka wanda ya je da kuɗin buhu ɗaya zai dawo gida da biyu.

A ido, babu cinikin da ya fi wannan kyau. Amma wasu daga cikin waɗanda saƙon ya iske ba su je ba, wasu sun je sun karɓa sun sayar tun kafin su bar harabar cibiyar, wasu kuma takin ya iske su bayan shinkafa ta wuce lokacin buƙatarsa. Dalilin haka yana cikin tarihin takardar rangwame kanta, da tarihin fadamar da aka kawo ta cikinta.

Takarda iri biyu

Takardar da ake miƙa wa mai kaya a karɓi abu kyauta ko da ragi dabarar 'yan kasuwa ce tun asali. A ƙarshen shekarun 1880, a birnin Atlanta na Amurka, Asa Candler, wanda ya mallaki Coca-Cola, ya fara raba tikitin da ke ba mutum damar shan kofi ɗaya ba tare da ya biya santi biyar ɗin da ake sayar da shi ba. An ƙiyasta cewa tsakanin 1894 da 1913 an fanshi irin waɗannan tikiti kimanin miliyan takwas da rabi. A 1909 C. W. Post ya fito da takardar ragin santi ɗaya a kan abincin karin kumallo na Grape-Nuts. Manufar mutanen biyu ɗaya ce: a ɗanɗana wa mutum abin da bai saba da shi ba, har ya zama ba ya iya rabuwa da shi. Ragin kuɗin talla ne, kuma mai kaya ya san zai fanshe shi daga baya.

Iri na biyu na gwamnati ne, kuma ƙarancin kaya ne ya haife shi. A Janairun 1940 Ingila ta fara raba sukari da man shanu da wani nau'in nama ta hanyar littafin takardu, ana yagar ɗaya duk lokacin da aka yi sayayya, kuma ba a gama janye tsarin ba sai 1954. A nan takardar ba ta rage farashi, iyaka take sanyawa don kada mai kuɗi ya kwashe rabon talaka.

Akwai kuma wanda ya haɗa halin biyun, kuma shi ne kakan takardar takinmu. A 1939 Amurka ta fara tsarin kan sarki na abinci a birnin Rochester. Mabuƙaci zai sayi kan sarki mai ruwan lemo na dala ɗaya, sai a ƙara masa shuɗi na rabin dala kyauta. Wato sai ka biya kafin a taimake ka. Shekaru da yawa aka yi ana lura cewa mafi talaucin mutane su ne ba sa shiga, domin ba su da kuɗin farko. Wata doka ta 1977 ta soke sharaɗin biyan, kuma a watan da sokewar ta fara aiki, Janairun 1979, masu cin gajiyar shirin suka ƙaru da kimanin miliyan ɗaya da rabi. Bahaushe ya riga ya faɗi wannan a taƙaice: sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Fadamar da ruwa ke ciyarwa

Kafin zuwan buhu, takin kwarin Rima shi ne ambaliya. Kogin Sakkwato da na Rima suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, su gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi kafin su zuba a Neja. Duk shekara ruwan yakan malale fadama mai faɗin kilomita da dama, ya bar laka idan ya janye. A kan wannan lakar Kabawa suka yi ƙarnuka suna noman jar shinkafar Afirka, wadda ke tsawo tana bin ruwa yayin da yake hawa. Shinkafa da kifi su ne suka riƙe daular da Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16, tun tana Surame har ta koma Birnin Kebbi, daga baya Argungu. A gonakin tudu kuwa, inda ake gero da dawa, manomi yakan yi yarjejeniya da makiyayi ya sauke shanunsa a gona da rani, ya biya shi da hatsi, ya kuma kwashe shara da kashin awaki daga gida a mangala bisa jaki.

Madatsun ruwa ne suka sauya wannan. An kammala Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, Goronyo kuma a kan Rima a 1984. Masanin labarin ƙasa William Adams, wanda ya yi bincike a ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori a farkon shekarun 1980, ya nuna yadda ambaliya ta ragu, gonakin shinkafa suka koma na gero da dawa, kamun kifi kuma ya ja baya. Daga shekarun 1990, musamman bayan shirin Fadama na farko da Bankin Duniya ya tallafa, ƙananan rijiyoyin bututu da injin ban-ruwa mai aiki da fetur suka bazu. Wannan ya buɗe ƙofar noman rani, ya kuma kawo iri na zamani kamar FARO 44, gajere mai saurin nuna da yawan amfani. Sai dai irin ba ya ba da wannan amfanin sai an ciyar da shi. Manomin da kakansa bai taɓa sayen taki ba ya wayi gari yana buƙatar kuɗi tun kafin ya dasa: kuɗin iri, kuɗin fetur, kuɗin taki, kuɗin maganin ciyawa. Daga nan farashin buhu ya zama maganar siyasa.

Zamanin kaso

A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ta kuma tattara sayen taki da rabonsa a hannun wani sashe na ma'aikatar gona ta tarayya. A shekarar ce kamfanin takin sufa na Kaduna ya fara aiki. Kuɗin mai yana shigowa, don haka a wasu shekarun gwamnati ta ɗauki kashi uku cikin huɗu na farashin buhu, ko ma fiye. Shirin Shehu Shagari na juyin noma a 1980 ya ci gaba a kan wannan turba, kuma a ƙarshen shekarun 1980 masana'antar NAFCON ta Onne ta fara fitar da yuriya.

Hanyar rabon ita ce matsalar. Tarayya ta ba jiha kaso, jiha ta ba ƙaramar hukuma, daga nan ya bi ta hannun kwamitoci, uwayen ƙasa, hakimai da jagororin jam'iyya. A kowane mataki akwai wata 'yar takarda mai hatimi da ke cewa a ba wane buhu kaza, ko tirela kaza. Tunda farashin gwamnati ya yi ƙasa ƙwarai da na kasuwa, ita kanta takardar ta zama haja. Wanda ya same ta ba ya buƙatar gona, ba ya ma buƙatar ganin takin: zai sayar wa ɗan kasuwa a nan ofis, ya riƙe bambancin. Ƙasar Kabi kuma tana kan iyaka da Nijar da Binin, inda buhun ya fi daraja, saboda haka wani ɓangare na takin da aka ware wa fadamar Rima yakan ƙare a gonakin ƙetare. Abin da ya rage yakan iso a makare, wani lokaci a rarraba buhu ɗaya tsakanin mutane da dama da kwano.

Ba taki kaɗai ya shiga wannan halin ba. A zamanin Shagari lasisin shigo da shinkafa, wanda kwamitin da Umaru Dikko ya jagoranta ke da hannu a kansa, ya zama takardar da ke azurta mai ita a dare ɗaya, yayin da shinkafar waje mai araha ke karya farashin ta gida. A 1984 kuma mutanen birane suka san dogon layin kayan masarufi, madara da sukari da sabulu a farashin gwamnati. Darasin duka ɗaya ne. Duk inda kaya ɗaya ke da farashi biyu, wanda ya fi kusa da mai hatimi shi ke cin tazarar da ke tsakaninsu.

A 1997 gwamnatin Abacha ta janye hannu daga tallafin gaba ɗaya, ba tare da an shirya 'yan kasuwar da za su cike gurbin ba, sai amfani da taki ya faɗi ƙasa. A 1999 aka maido da tallafin kashi 25, jihohi kuma suka riƙa ƙara nasu, ciki har da Kebbi, wadda aka ƙirƙira a Agustan 1991. Tsarin kaso ya dawo da halinsa na da.

Daga takarda zuwa waya

A 2005 ƙasar Malawi, ƙarƙashin Bingu wa Mutharika, ta raba wa ƙananan manoma takardun sayen taki buhu biyu da ragi mai yawa, kuma masarar da aka girbe bayan haka ta sa duniya ta juyo. A Yunin 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 a kowace hekta zuwa kilo 50 kafin 2015. Sabon tunanin shi ne gwamnati ta daina saye da jigila da kanta. Ta miƙa wa manomi takarda, shi kuma ya kai wa dillalin kayan gona, ya cika kuɗi ya karɓi buhu, dillali ya kai takardar a biya shi ragowar. Da haka tallafin zai bi sunan manomi, kasuwar taki kuma ta girma a karkara.

An gwada wannan a 2009 a jihohin Kano da Taraba tare da cibiyar IFDC. Manoma kimanin 140,000 a Kano da 76,000 a Taraba suka samu ragin naira 2,000 a kowane buhu. A Kano ƙungiya ake ba takarda ɗaya ta raba tsakanin membobinta, a Taraba kuma kowa da tasa.

Akinwumi Adesina, wanda ya zama ministan gona a 2011, ya ɗauki wannan ya faɗaɗa shi zuwa ƙasa baki ɗaya da sunan GES, ya kuma maye gurbin takarda da saƙon waya ta hanyar manhajar da kamfanin Cellulant ya gina. Hujjarsa, wadda ya sha maimaitawa, ita ce kashi 11 cikin ɗari kawai na manoma ke samun takin gwamnati a tsohon tsari. Burin shi ne a kai ga manoma miliyan 20 cikin shekara huɗu. Bayan babbar ambaliyar 2012, aka yi amfani da tsarin wajen tallafa wa noman shinkafa na rani a jihohin Arewa goma, Kebbi tana cikinsu. Mutane da yawa da ba su taɓa riƙe buhun gwamnati ba sun riƙe shi a waɗannan shekarun, kuma shagunan kayan gona sun ƙaru a garuruwa.

Amma waya tana da nata masu tsaron ƙofa. Akwai ƙauyukan da babu sabis, akwai manoman da ba su da waya ko ba sa karanta boko, akwai matan da aka rubuta su da lambar miji. A cibiyoyi da dama dole aka koma duba suna a takarda. Maganar sayen wayoyi miliyan 10 domin raba wa manoma ta jawo ce-ce-ku-ce a farkon 2013. Sannan gwamnatoci suka riƙa jinkirin biyan nasu rabin, har dillalai suka biyo su bashin biliyoyin naira, kuma dillalin da ba a biya bara ba ba ya gaggawar kawo kaya bana. Bayan sauyin gwamnati a 2015 da faɗuwar farashin mai, shirin ya yi sanyi.

Lissafin buhu biyu

Yana da kyau a duba abin da ke cikin buhunan. Kamfa mai lamba 15-15-15 yana ɗauke da kilo bakwai da rabi na sinadarin naitirojin a buhu mai kilo 50. Yuriya tana da kashi 46 cikin ɗari, wato kilo 23. A haɗe, kilo 30 da ɗoriya. Malaman gona sukan ba mai noman shinkafar ban-ruwa shawarar buhu shida ko fiye a hekta ɗaya. Ke nan takardar ta rufe kusan sulusin buƙatar mai hekta guda, sauran sai ya saya a kasuwa da cikakken farashi.

Daga nan hanyar manoma ta rabu. Mai hali, wanda dama zai sayi buhu shida, ya samu ragin kuɗin buhu ɗaya a kan abin da ya riga ya yi niyya. Wannan tanadi ne na gaske, ko da yake bai ƙara wa ƙasa ko ƙwayar taki ɗaya ba. Mai ƙaramar gona da ke da kuɗin cikawa a hannu shi ne ya fi kowa cin riba, domin buhu biyun sun kusa isarsa. Na ukun shi ne wanda saƙon ya iske a tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, ga maganin yaro, ga kuɗin ƙwadago. A gare shi naira 5,500 ba ƙaramin abu ba ne. A bakin cibiya kuma akwai mai jiran irinsa: zai biya masa kuɗin cikawa, ya ɗora masa wani abu a kai, ya tafi da buhunan. Masu tsara shirin suna kiran wannan zamba. Ta fuskar manomin kuwa lissafi ne: an ba shi abu mai daraja a lokacin da abincin yau ya fi girbin wata uku masu zuwa muhimmanci, sai ya mayar da shi kuɗi. Matsalar da Amurka ta gano tsakanin 1939 da 1977 ce ta sake bayyana a bakin gulbi.

Sai maganar lokaci. Ana zuba kamfa wajen dasawa ko jim kaɗan bayanta, yuriya kuma a raba ta, kashi ɗaya lokacin da shinkafa ke 'ya'ya, ɗaya gab da ta ɗauki ciki. Yuriyar da ta iso bayan wannan ta rasa mafi yawan amfaninta. Manomin da ya ƙi sayen taki a kasuwa yana jiran na rabin kuɗi, har makonnin suka wuce, ya tsira da naira dubu kaɗan ya yi asarar buhunan shanshera. A nan ne araha ta fi tsada tsada.

Bashin da ya yi kama da kyauta

A ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya, tare da gwamnan bankin Godwin Emefiele da gwamnan jiha Atiku Bagudu. Watanni kaɗan kafin nan bankin ya hana masu shigo da shinkafa samun dala a farashin gwamnati. An ware naira biliyan 40 da farko, a kan ruwan da bai wuce kashi 9 ba, kuma manoman Kebbi fiye da 70,000 ne suka shiga zagayen farko. Wannan karon babu biyan rabin kuɗi. Manomi zai shiga ƙungiya, ya buɗe asusu, a ba shi iri da taki da magani da injin ban-ruwa, a biya masu kawo kayan kai tsaye, shi kuma ya biya da shanshera bayan girbi ta hannun masana'antar da aka haɗa shi da ita.

Noman rani ya bunƙasa a fadamar Argungu, Augie, Suru da Birnin Kebbi. A Disambar 2016 shinkafar LAKE, ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi, ta shiga kasuwar Legas a kan naira 12,000 buhu. A Agustan 2017 Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya buɗe masana'antar WACOT a Argungu, ga kuma Labana a Birnin Kebbi. Rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya ƙara wa shinkafar gida daraja.

Sai dai shekara arba'in na rabon kaso sun koya wa mutane cewa abin da ya fito daga gwamnati rabo ne. Kayan sun zo ta hanyar da tallafi ya saba zuwa, da rajista da layi da sa hannu, don haka da yawa suka ɗauke su haka. Wasu sun sayar da injin da takin. Wasu sun noma, amma suka kai shanshera kasuwa inda farashi ya fi na yarjejeniya. Wasu kuma sun yi niyyar biya, ruwa ya hana su: a ambaliyar 2020 rahotanni sun ce kimanin hekta 450,000 na shinkafa suka nutse a jihar. Akwai kuma ƙorafin manoma cewa an lissafa musu kayan a farashin da ya fi na kasuwa, alhali ba su da damar zaɓen mai kawowa. A farkon 2023 Asusun Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kawai na bashin aka biya a faɗin ƙasar. Babban Bankin ya musanta, ya ce daga cikin fiye da tiriliyan ɗaya da aka raba, an maido da naira biliyan 503, wato kashi 52 na abin da lokacin biyansa ya yi. Ko wanne aka ɗauka, kusan rabi ko fiye bai dawo ba, kuma sabon shugabancin bankin ya dakatar da irin waɗannan shirye-shiryen a ƙarshen shekarar.

Rangwamen da ba shi da takarda

Duk tsawon wannan lokacin, tallafin da ya fi riƙe noman rani a kwarin Rima ba ya buƙatar rajista. Shi ne arahar fetur. Shinkafar rani tana shan ruwa wata uku zuwa huɗu, kuma kowace lita ta ruwan da injin ya ɗago fetur ne ya ɗago ta. Da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta haura 600 a Yuli. Manomin da ya yi shekaru yana bibiyar buhu biyu ya gano cewa babban abin da ke cin jarinsa yana cikin jarka. Wasu suka rage faɗin gona, wasu suka sauya injinsu zuwa gas, masu hali suka koma famfo mai aiki da hasken rana. Shirin da ya biyo baya a Nuwambar 2023, wanda Bankin Raya Afirka ya ba da rance dominsa, ya dawo da tsohuwar dabarar GES: rajista, saƙon waya, biyan rabi.

Abin da kaka ta sani

Wani bincike daga yammacin Kenya ya taɓa zuciyar lamarin. Esther Duflo da Michael Kremer, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, tare da Jonathan Robinson, sun lura cewa manoman masara suna cewa za su sayi taki, amma idan lokacin ya zo kuɗin ya riga ya tafi. Sai suka riƙa zuwa musu nan da nan bayan girbi, suna sayar musu da takardar taki a cikakken farashi, da alƙawarin kawo musu har gida kyauta a lokacin da suke so. A sakamakon da suka wallafa a 2011, wannan ɗan ƙaramin sauƙin da aka yi da kaka ya ƙara amfani da taki daidai da ragin rabin kuɗi da aka bayar daga baya a cikin damina, ko ma fiye. Abin da manomin ya fi buƙata shi ne hanyar da zai ɗaure kuɗinsa ranar da yake da su.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Kabi. Rumbun da maigida ke liƙe bakinsa da laka bayan kaka, ba a buɗe shi sai damina ta yi nisa, aikinsa ke nan. Haka adashen mata, haka tunkiyar da ake saye da kuɗin shinkafa a sayar da ita gab da shuka. Haka ma dokar Sarkin Ruwa da ke hana su a Matan Fada har sai ranar da aka buɗe, wadda a kanta aka gina bikin da Argungu ta shahara da shi tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Duk dabaru ne na hana hannun yau taɓa rabon gobe.

Idan aka jera shekarun nan tun daga 1976, ana iya ganin inda takarda ta amfani mai ita. Ta amfane shi idan abin da ke cikinta abu ne da dama zai saya, idan kuɗin cikawa suna ajiye tun kaka ba sai ya ciwo bashi mai ruwa ba, idan kuɗin mota da kwanakin da zai ɓata a layi ba su cinye ragin ba, idan kuma bai dakatar da aikin gona yana jiranta ba. Ta cutar da shi a duk lokacin da ya ɗauki bashi a matsayin kyauta, ko ya faɗaɗa gona fiye da ƙarfinsa saboda ragin da babu tabbacin zai dawo baɗi. Tsarin kaso ya yi shekara ashirin kafin a soke shi a 1997, GES ya yi kusan huɗu da ƙarfinsa, Anchor Borrowers ya yi takwas. Babu ɗayansu da ya kai tsawon rayuwar noman mutum guda.

Shi ya sa manoman da suka fi daɗewa a harkar a fadamar Zauro da Argungu sukan sayi buhunan farko na takin rani daga kuɗin shansherar damina, su jingine su a ɗaki a kan katako nesa da laima, su ware kuɗin fetur na wata na farko. In saƙon gwamnati ya zo a kan kari, su je su karɓa su ƙara a kai. In bai zo ba, ranar dasawa ba ta motsa.